Tafkin Bado da Tsohon da Ya Kasa Ajiye Buroshi

A watan Mayun 1908, ana dab da buɗe baje kolin zane-zanensa a birnin Paris, mai zanen nan ɗan Faransa Claude Monet ya shiga ɗakin aikinsa da ke ƙauyen Giverny da wuƙa a hannu. Aikin wajen shekara uku ne jingine a jikin bango, duk na tafkin da ke lambunsa, da furannin bado kwance a kan ruwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya keta, wancan ya dagula shi da fenti, har sai da aƙalla 15 suka tashi daga aiki. Dillalinsa, Paul Durand-Ruel, wanda tun bara ake ɗage masa rana, dole ya sake ɗagewa. Labarin ya ƙetare teku, jaridun Amurka suka ƙiyasta asarar da dala 100,000.

Mutumin da ya yi wannan ɓarna shekarunsa 67. Ya daɗe da fita daga talaucin ƙuruciyarsa, lokacin da yake rubuta wa abokai wasiƙar roƙon kuɗin haya. Yana da gida, da ma'aikatan lambu, da masu kuɗin da ke layi don sayen duk abin da ya sa wa hannu. Babu wanda ya duba zanen nan ya ce masa ba su yi ba. Shi kaɗai ya yanke musu hukunci, shi kuma ya zartar.

Wasu sun ce zafin rai ne, kuma gaskiya Monet yana da shi; iyalinsa sun san ranar da aiki ya ƙi, domin gidan gaba ɗaya kan yi tsit. Wasu sun ce dabarar 'yan kasuwa ce, a rage kaya don farashi ya tashi. Ni dai duk lokacin da na bi tarihin mutumin nan daga farko, abin da nake gani ya fi waɗannan zurfi. Azabar a cikin aikin kansa take, tun daga yadda ido da hannu da fenti suke hulɗa, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar buroshi da gaske ya ɗanɗana wani abu daga cikinta, ko da sunansa bai wuce ƙofar gidansu ba.

A fara da lokaci. Monet mai zanen haske ne. Abin da yake bi shi ne yadda rana ke sauka a kan abu a wani ɗan taƙi, kafin ta gusa. Haske kuwa ba ya jira, fentin mai kuma ba ya sauri. Sai an matso shi daga ƙwanso, an haɗa launi a faranti, an gwada, an ɗora, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe. Kafin hannu ya gama haɗa shuɗin da ido ya gani, shuɗin ya zama ruwan toka. A watan Yunin 1890 ya rubuta wa abokinsa, marubuci Gustave Geffroy, cewa ya sake tsunduma cikin abin da ba ya yiwuwa, wato ruwa da ciyawar da ke kaɗawa a ƙarƙashinsa. Ya ce kallonsa abin sha'awa ne, amma ƙoƙarin zana shi zai iya haukata mutum. Wata guda bayan haka ya sake rubuta masa cewa zane ya fita a ransa, azaba ce da ba ta yankewa.

Maganin da ya samo sai ya ninka masa ciwon. A kakar wannan shekarar ya fara zana tarin dammunan hatsi da ke gonar maƙwabcinsa. Da ya ga ƙyalle ɗaya ba zai riƙe hasken da ke canzawa ba, sai ya riƙa aiki a kan da yawa a lokaci guda, agolarsa Blanche tana turo masa su a baro. Rana ta gusa, ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Da ya koma kan wasu dogayen itatuwa a bakin kogin Epte, ya gaya wa wata mai zane Ba'amurkiya, Lilla Cabot Perry, cewa akwai hasken da minti 7 kawai yake yi kafin ya bar wani ganye. Ka ga ke nan maimakon zane ɗaya da bai gamsar da shi ba, yanzu yana da fiye da goma. A 1892 da 1893 ya kama ɗaki a gaban babbar majami'ar birnin Rouen, ya zana fuskar ginin kusan sau 30. Daga can ya rubuta wa Alice, wadda ta zama matarsa ta biyu, cewa ya kwana yana mugun mafarki: majami'ar tana rushowa a kansa, wani lokaci shuɗiya, wani lokaci ruwan hoda, wani lokaci rawaya.

Sai abu na biyu, wanda marubuci ko mai waƙa bai cika saninsa ba. Idan na sauya jimla a rubutun nan ta ƙi daɗi, tsohuwar tana nan, sai in dawo da ita. Mai zanen fenti ba shi da wannan gata. Duk layin da ya ja, a kan wani ya ja shi, kuma na ƙasan ya tafi ke nan. Akwai safiyar da mai zane zai tsaya gaban aikin jiya ya ga wata kusurwa ta yi kyau ƙwarai, amma sauran ƙyallen bai kamo ta ba. Ya taɓa ta, wataƙila ya kashe abu ɗaya mai rai da ke wurin. Ya bar ta, zanen bai haɗu ba. Kowane gyara caca ce da abin da ya riga ya samu. Monet ya sha kukan cewa ya ɓata zane masu kyau garin son ya ƙara musu kyau, kuma wannan nadama irin ta wanda ya yi ɓarna da hannunsa ce, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Abu na uku shi ne ya fi cin rai. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Magini yana da igiya da ma'auni, tela yana da jikin mai riga. In aiki ya yi daidai, wani ma zai iya shaidawa. Mai zane irin Monet ma'auninsa a cikin kansa yake. Abin da yake gwada zanen da shi wani ɗan lokaci ne da ya gani, ya ji a jikinsa, ya wuce, kuma babu wanda ya gan shi tare da shi. Don haka yabon jama'a ba ya kai wa ga ciwon. Mai saye yana kallon abin da ke kan ƙyalle, shi kuma yana kallon abin da ya kasa hawa kai. Wani abin tausayin ma, ƙwarewa ba ta rage wannan tazara. Ido ya fi hannu saurin girma. Yaro mai koyo yana ganin kore ɗaya a ganye ya zana shi ya ji daɗi; bayan shekara 40 yana ganin kore ashirin, hannunsa kuma goma yake iya kamawa.

Idon nan kuma ba shi da hutu, ko a inda ya kamata a ce ya sunkuya. A watan Satumban 1879 matarsa ta farko, Camille, ta rasu a garin Vétheuil tana da shekara 32, suna cikin tsananin rashi. Shekaru da yawa bayan haka ya gaya wa amininsa Georges Clemenceau cewa yana zaune a gefen gawar da asuba sai ya kama kansa yana bin launukan da mutuwa ke shimfiɗawa a fuskarta, shuɗi, da rawaya, da ruwan toka, kafin ma tunanin riƙe kamanninta ya zo masa. Ya kwatanta kansa da dabbar da aka ɗaura wa dutsen niƙa tana ta zagaye. Ya zana ta a wannan hali, zanen yana gidan adana kayan tarihi na Orsay a Paris. Ban taɓa iya karanta wannan labari na wuce da sauri ba. Baiwar da duniya ke yaba masa a kanta ita ce ta shiga tsakaninsa da makokin matarsa, kuma ya sani. Abokin sana'arsa Paul Cézanne ya ce Monet ido ne kawai, amma wane irin ido! Yabo yake yi, sai dai wanda ke ɗauke da idon ya san nauyinsa.

Tafkin da ya zama masa jarrabawa, shi ya haƙa shi da kansa. Ya tare a Giverny a 1883, ya sayi gidan a 1890, sannan a 1893 ya sayi wani fili a ƙetaren layin dogo ya janyo ruwa daga wani reshen kogin Epte. Mutanen ƙauyen sun yi ta ƙorafi, suna tsoron baƙin tsirrai za su gurɓata ruwan da suke wanki da shayar da dabbobi. Ya dasa bado iri-iri, ɗan'uwan wanda muke gani a tafkuna da fadamu bayan damina, ya ɗora wata 'yar gada irin ta Japan. Akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne ya shiga kwalekwale da sassafe ya wanke ƙurar hanya daga kan ganyen.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tafki ya ƙura wa ruwa ido zai gane wahalar da mutumin ya ɗebo wa kansa. Abu uku ne a wuri ɗaya. Ga ganye da fure a kwance a sama. Ga ciyawa da laka a can ƙasa. Ga kuma sararin sama da gajimare da itatuwa a kife cikin ruwan. Ido ba ya iya riƙe ukun a tare, sai dai ya yi ta shiga da fita tsakaninsu, iska kuma tana ɗan hurawa komai ya wargaje. Shi kuma yana son ya sa su duka a kan ƙyalle mai fuska ɗaya. Sannu a hankali ya cire gaɓar tafkin daga zanen, ya cire inda sama ta haɗu da ƙasa, ya bar ruwa zalla, babu abin da mai kallo zai dafa. Babu wani magabaci da zai leƙa ya ga yadda ya yi. Watanni uku bayan ranar wuƙar nan, a Agustan 1908, ya rubuta wa Geffroy cewa zanen ruwa da inuwoyin cikinsa sun zame masa abin da ba ya barin ransa, sun fi ƙarfin tsoho irinsa, amma duk da haka yana son ya kai ga fitar da abin da yake ji. A Mayun 1909 aka buɗe baje kolin da zane 48, aka kuma yi ta yabo.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce wahala ta biya. Amma a Janairun 1910 ambaliyar kogin Seine ta shanye lambun. A Mayun 1911 Alice ta rasu, ya daɗe bai iya aikin kirki ba. A 1912 likita ya tabbatar masa yana da yanar ido a duka biyun. A Fabrairun 1914 babban ɗansa Jean ya rasu.

Yanar ido ciwo ne da kusan kowane gida ya sani a jikin tsofaffinsa, amma abin da take yi wa mai zane na daban ne. A cikin ido akwai wani ɗan ƙwaya garai-garai da haske ke ratsawa. Da tsufa yakan dushe, ya yi rawaya, daga nan ya koma ruwan ƙasa, sai ya riƙa tare shuɗi da shunayya, ya bar ja da rawaya su wuce. Mai ciwon yana ganin duniya kamar ta cikin hazon harmatan da yamma. Monet da kansa ya bayyana cewa ja ya koma masa kamar laka, ruwan hoda ya zama lami, launukan da ke tsakani kuma sun ɓace masa. Ya koma dogaro da sunan da ke rubuce a jikin ƙwanson fenti, yana jera launuka a faranti bisa tsari ɗaya da ba ya sauyawa, don hannunsa ya san inda kowanne yake.

A nan ne maganar ma'auni ta zama abin tsoro. Shekara 50 yana jayayya da masu suka, da dillalai, da malaman makarantar zane, makaminsa ɗaya: haka na gani. Yanzu shaidar nan tasa ita ce ta fara yi masa ƙarya. In ya kalli zane ya ga bai yi ba, zanen ne bai yi ba ko idon ne? In ya ga ya yi, wa zai tabbatar masa? Ya tambayi na kusa, su ce ya yi kyau, sai ya yi zargin tausayinsa suke ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ina ga ranar da mai ɗakin ya daina bambance ɗigon ruwa da inuwa?

Cikin wannan hali ne, a 1914, ya ɗauko aiki mafi girma a rayuwarsa. Clemenceau ne ya yi ta zuga shi ya koma kan wani tsohon burinsa na zagaye ɗaki guda da zanen ruwa. Ya gina sabon ɗakin aiki mai tsawon kimanin mita 23, haske na shigowa ta rufi, ya jera ƙyallaye masu tsayin mita 2 a kan katakai masu ƙafar taya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riga ya ɓarke. Ɗansa Michel yana fagen daga, jiragen ƙasa na wucewa ta gefen lambun da sojoji da kayan yaƙi. A Disamban 1914 ya rubuta cewa ya koma aiki domin ita ce hanyar da ta fi raba shi da tunanin baƙin cikin zamanin, amma yana jin kunyar ya zauna yana binciken siffa da launi alhali mutane da yawa suna wahala suna mutuwa. Wannan ma wani reshe ne na azabar, kuma duk mai fasaha a lokacin masifa ya san shi: aikin da ke riƙe da ransa shi ne kuma yake jin kunyar yi. A zanen wannan lokaci ne itatuwan nan masu rassa zube kamar gashin mai makoki suka yawaita.

Kashegarin tsagaita wuta, 12 ga Nuwamban 1918, ya rubuta wa Clemenceau, wanda a lokacin shi ne Firaministan Faransa, cewa yana son ya ba ƙasar kyautar zane biyu, domin ita ce kaɗai hanyar da zai sa hannu a murnar nasara. Clemenceau ya faɗaɗa maganar ta koma babban aikin gaba ɗaya. Bayan doguwar ja-in-ja kan wurin da za a sa su, aka sa hannu a takardar kyauta ranar 12 ga Afrilun 1922, aka tsayar da ginin Orangerie da ke lambun Tuileries a tsakiyar Paris, aka kuma sa wa'adin miƙawa.

Daga ranar aikin ya zama bashi. A wannan shekarar likitan ido Charles Coutela ya auna shi ya tarar idon dama haske kawai yake bambancewa da duhu, na hagu kuma kashi ɗaya cikin goma ya rage. Monet ya shekara goma yana gudun tiyata, kuma yana da hujja: ya san an yi wa Mary Cassatt, abokiyar sana'arsa, ba a dace ba. Clemenceau, wanda likitanci ya karanta kafin siyasa, ya matsa masa har ya yarda. A Janairun 1923 aka yi wa idon dama aiki, aka sake komawa a watan Yuli. A wancan zamani cire ƙwayar kawai ake yi, ba a maye ta da komai, domin sai a 1949 aka fara dasa ta roba a Landan. Dole majiyyaci ya kwanta ɗaure da ido ba motsi na kwanaki, tsoho mai shekara 82 da bai saba zama ba. Da aka kwance, sai duniya ta juye masa. Shuɗin da yanar ta tare shekara da shekaru ya kwararo gaba ɗaya, komai ya koma shuɗi, ga tabarau mai kauri da ke lanƙwasa siffar abubuwa. Idon hagu, wanda ya ƙi yarda a taɓa, yana nan yana ganin rawaya. Mutum ɗaya, ido biyu, kowanne da tasa duniyar. Ya rubuta wa likitan yana nadamar aikin. Da ya fara ganin abin da ya zana a shekarun yanar, da jajaye da ruwan ƙasa masu kauri, ya lalata da yawa, wasu kuma ya bi su da gyara. Sai da aka samo masa wani tabarau na kamfanin Zeiss kafin abin ya fara daidaita.

Wa'adi ya zo ya wuce. A farkon 1925 ya nemi janye kyautar baki ɗaya, yana cewa aikin bai cancanci a nuna shi ba. Clemenceau ya aika masa da wasiƙa mai zafi, ya tuna masa cewa alkawari ya ɗauka wa ƙasa, an kashe kuɗin jama'a an gyara gini saboda maganarsa, kuma in ya saɓa to abotarsu ta ƙare. Sun yi watanni ba sa ga maciji.

Na daɗe ina juya wannan rigima, kuma na kasa ba ɗayansu gaskiya duka. Clemenceau ya ga abin da Monet ya kasa gani, cewa aikin ya riga ya kai, kuma gyaran da ake ta yi yana iya cinye shi. Mai zane a irin wannan matsayi yana buƙatar wanda zai tsaya masa daga waje, wanda yake ƙauna kuma yake jin nauyinsa, ya ce ya isa. Amma Monet ma ba rigimar banza yake yi ba. Ana neman ya sa hannu a kan abin da shi kansa ba shi da tabbacin yadda yake, ya bar shi a bango har abada da sunansa. Akwai kuma abin da nake zargi bai faɗa ba. Mata biyu sun tafi, ɗa ya tafi, yawancin abokan tafiyarsa sun ƙare, amininsa mai zane Renoir ma ya rasu a 1919. Abin da ke tashinsa da asuba shi ne ƙyallayen nan. In motar gwamnati ta zo ta kwashe su, ɗakin mita 23 zai zama fanko, shi kuma sai zaman jiran rana. A ƙarshe suka shirya, Clemenceau ya haƙura da cewa zanen ba za su bar Giverny ba sai bayan ran mai su.

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai wahala ce ke haifar da fasaha, mai zane sai ya ƙone kafin ya haskaka. Rayuwar Monet ba ta goyi bayan wannan ba, kuma ina ganin maganar tana da haɗari ga matasa masu tasowa. Lokutan da baƙin ciki ya fi danne shi, kamar bayan rasuwar Alice, aikin tsayawa ya yi. Abin da wuƙarsa ta ci ya tafi, ba mu san me muka rasa a ciki ba. Zanen da suka tsira sun tsira ne saboda abubuwan da ba a cika ambata ba: lafiyar jikin da ta bar shi tsaye awanni yana da shekara 80, kuɗin da ya ishe shi ya ɓata ƙyalle ya sayi wani, aboki mai faɗa masa gaskiya, da kuma Blanche. Ita ce yarinyar nan mai tura baro, ta auri ɗansa Jean, da mijin ya rasu ta dawo gidan ta riƙe shi. Ita ma mai zane ce, ta ajiye nata buroshin tsawon shekarun nan tana kula da tsohon, tana taya shi jan manyan ƙyallaye, tana shanye fushinsa. Sai bayan rasuwarsa ta koma zane. Idan ana lissafin abin da zanen badon nan ya ci, a sa shekarunta a ciki.

Abin da zan yarda da shi kawai shi ne rashin gamsuwar tasa tana da aiki. Ita ta hana shi tsayawa a kan zanen gadar Japan mai kyan gani na 1899, wanda kasuwa ke so kuma da zai iya maimaita shi har ya mutu. Ita ta tura shi har ya cire gaɓa ya shiga ruwan. Sai dai abu ɗaya ne mai tura shi gaba da mai miƙa masa wuƙa, kuma daga ciki babu alamar da ke nuna wanne ke magana a yau.

A bazarar 1925 ganinsa ya ɗan daidaita, ya yi aiki da farin cikin da ya daɗe bai yi ba. Ciwon huhu ne ya kayar da shi. Ya rasu ranar 5 ga Disamban 1926 yana da shekara 86, Clemenceau na gefensa. Ana ba da labarin cewa da tsohon Firaministan ya ga an lulluɓe akwatin gawar da baƙin ƙyalle, sai ya yaye shi ya ce ban da baƙi ga Monet, ya sa wani mai furanni.

A Mayun 1927 aka buɗe ɗakunan Orangerie guda biyu masu siffar ƙwai. Ƙyalle 22 aka manna a bango, aka haɗa su zane 8, tsawonsu in an jera ya kai mita 91. Jama'a ba su zo ba. Salon zamani ya riga ya sauya, masu suka da dama suka ɗauke su aikin tsohon da ido ya gaza masa. Shekaru ɗakunan suna zaune shiru, har daga baya aka gina wani bene a samansu ya toshe hasken ranar da Monet ya shardanta. Sai a shekarun 1950, da masu zane a New York suka fara cika manyan ƙyallaye da launi zalla, aka waiwayo aka ga tsohon ya riga su isa wurin. A 1952 mai zane André Masson ya kwatanta ɗakunan da ɗakin ibadar Sistine na fadar Vatican, wanda ya shahara da zanen da ke bangonsa da rufinsa. An rushe benen a gyaran da aka kammala a 2006, haske ya dawo.

Wanda ya shiga yau zai tarar da mutane zaune a benci a tsakiya, ruwa ya kewaye su ta kowace fuska, daga hasken safiya a wannan bango zuwa faɗuwar rana a wancan. In ya matsa kusa, bado ya ɓace, sai fenti kan fenti, busasshe, mai kaushi kamar bangon laka, wani wurin an bi ta kansa sau da yawa har ya yi tudu. A wasu gefuna da kusurwoyi kuma buroshin bai kai ba, farin ƙyallen yana nan a fili yadda ya bar shi.